Me ya sa sai an gwada tarin fuka kafin a fara allurar amosanin gaɓoɓi?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Maiɗakina ce, wata uku bayan haihuwarta ta uku, yatsunta da wuyan hannunta suka fara kumbura, hagu da dama. Da safe takan fi awa guda kafin ta iya dunƙule hannu. Manya a gida sun ce sanyi ne ya shige ta don ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba. A asibiti an ce amosanin gaɓoɓi ne da ake kira rumatoyid, wai garkuwar jikinta ce ke yaƙar ta. Ta shekara tana shan metotireksat, sauƙin kaɗan ne. Yanzu likitanta ya ce za a ƙara mata allurar da ke toshe wani abu wai shi TNF, amma sai an gwada ta tarin fuka da ciwon hanta tukuna, alhali ko tari ba ta yi. Mene ne TNF ɗin nan? Kuma tunda matsalar garkuwa ce, ba gara a ba ta maganin ƙara garkuwar jiki ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Likitanta yana kan hanya. Gwajin nan da kake gani kamar jan ƙafa, ni ma da a gabana take ba zan taɓa allurar ba sai na ga sakamakonsa. Amma bari in fara sauke mata laifin da aka ɗora mata.

Ko da ta yi arba'in cur tana wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, tana shan kunun kanwa, wannan ciwo zai zo. Manya sun lura da abu na gaskiya, wato lokacin da ya bayyana, fassarar ce ta kauce. Ɗan da ke cikin mace rabin gadonsa na uba ne, baƙo ne a wurin jikinta, saboda haka garkuwarta kan sassauta a watannin goyon ciki don kada ta far masa. Da ta sauka sai sassaucin ya janye. Shi ya sa mata da yawa masu rumatoyid kan ji sauƙi in suna da juna biyu, ciwon ya dawo musu bayan haihuwa, wasu kuma a lokacin ne yake fara nuna kansa. Wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya lura da wannan tun shekarun 1930, ya kuma ga cewa marasa lafiyarsa kan samu sauƙin gaɓoɓi idan shawara ta kama su. Sai ya ce lallai jiki na da wani abu nasa da ke kwantar da kumburi. A 1948 ya yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar kotizon, irin sinadarin da jiki ke yi da kansa mai kwantar da kumburi, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ka riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin maganar: jiki yana da abin tayar da kumburi, yana kuma da abin kwantar da shi.

TNF kuwa ka san shi, sunansa ne ba ka sani ba. Duk wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa kayarwa ya san rawar ɗari, da ciwon jiki kamar an lakaɗa masa duka, da ɗacin baki, da ƙin abinci. Yawancin wannan wahala aikin wasu ƙananan furotin ne da fararen ƙwayoyin jini ke fitarwa don sanar da sauran jiki cewa baƙo ya shigo. Sunansu saitokin. Sun fi ɗari, amma waɗanda suka shafi maganarmu su ne TNF da IL-1 da IL-6. Binciken da aka yi a Gambiya wajen 1990 ya nuna cewa yaran da zazzaɓin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa har suka rasu, TNF ɗin da ke jininsu ya fi na waɗanda suka tsira yawa. Abin da ke kare mutum ke nan, in ya wuce gona da iri ya zama shi ne ajalinsa.

In kana son ganin yadda suke aiki, ka tuna ranar da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa. Mutum ɗaya ne ya gani ya ƙwala. Na kusa da shi suka ɗauka, na gaba suka ɗauka daga bakinsu, kafin ka ce kwabo 'yan layin hatsi da ba su ga komai ba sun fito da sanduna. Haka saitokin suke. Wata farar ƙwayar jini mai haɗiye ƙwayoyin cuta, makurofaj, ita ke fara sakin TNF. Duk ƙwayar halittar da ke da makarɓinsa a bayanta, da ya sauka a kai sai saƙon ya ratsa ciki, ya saki wani furotin mai suna NF-kB da ke ɗaure, shi kuma ya shige cibiyar ƙwayar ya buɗe umarnin gado masu yawa a lokaci guda: a ƙera IL-1, a ƙera IL-6, a ƙara TNF, a buɗe hanyoyin jini, a kira ƙarin fararen ƙwayoyi. IL-6 kuma yana da tasa hanyar shiga, ta wasu furotin da ake kira JAK, waɗanda ke miƙa saƙon ga wasu da ake kira STAT. Na ambaci waɗannan sunaye ne don magungunan da za mu zo kansu a nan suke tsayawa su tare hanya.

Sunan TNF ma kansa ruɗani ne. Ma'anarsa da Turanci abin da ke ruɓar da ƙari, domin Lloyd Old da abokan aikinsa a Niyok sun gano shi a 1975 yana kashe ciwon daji a jikin ɓeraye, aka yi ta murnar an samu maganin kansa. A gefe guda kuma wani masani, Anthony Cerami, yana bin diddigin abin da ke ramar da dabbobin da sammore ya kama, cutar nan ta ƙudan tsando da makiyaya suka sani sarai. Saniya tana ramewa har ta zama ƙashi da fata, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininta ba su kai su cinye ta haka ba. Ya gano jikin dabbar ne da kansa ke fitar da abin da ke ramar da ita. A 1985 shi da Bruce Beutler suka tabbatar cewa wannan abu da TNF abu ɗaya ne. Idan maiɗakinka ta rame tun da ciwon ya fara, ko tana yawan kasala, ga inda abin ya fito.

Yanzu mu shiga gaɓar tata. Cikin kowace gaɓa akwai wani siririn tantani da ke samar da ruwan da ke sa ƙasusuwa su zame ba gogayya. A rumatoyid wannan tantani ne kasuwar da ihu ya ƙi ƙarewa. Yana kauri, fararen ƙwayoyi su cika shi, ruwa ya taru, shi ne kumburi da zafin da ake ji a hannu. TNF da IL-1 suna sa ƙwayoyin tantanin su fitar da sinadaran da ke narkar da guringuntsi. Suna kuma ƙara wani saƙo mai suna RANKL, wanda ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu shi ne rushe tsohon ƙashi, sai su riƙa gutsurar bakin ƙashin gaɓar. Wannan ne ya fi damun mu likitoci, don zafi yana tafiya, kumburi yana saɓewa, amma ƙashin da aka ci da wuya ya dawo. Yatsun da ka ga sun karkace a hannun wasu tsofaffi sakamakon shekarun da aka bar ihun yana ci ne.

IL-6 shi ba ya tsayawa a gaɓa, yana bin jini. In ya isa hanta sai ta ƙera CRP, abin nan da ake aunawa a gwajin jininta don a san ƙarfin kumburin. Yana kuma sa hanta ta ƙera hefsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe a ma'ajiya ya hana ɓargo samunsa, shi ya sa za ka ga mai wannan ciwo tana shan maganin ƙarin jini wata da watanni jinin bai ƙaru ba. Sandarewar safiya ma da hannunsa a ciki: IL-6 yana hauhawa a ƙarshen dare zuwa asuba, bayan kotizol, wato kotizon ɗin da jiki ke yi da kansa, ya sauka ƙasa a tsakar dare. Wannan sandarewar da ta wuce awa guda, wadda motsi ke sassautawa, ita ce babbar alamar da ke raba rumatoyid da ciwon gwiwar tsufa, wanda shi aiki ne ke tsananta shi, hutu ya kwantar da shi.

Wa ya fara ƙwala ihun, kuma me ya gani? Ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin jini da ke tantance na gida da baƙo, suna samun horo a wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, taimos, inda ake kashe waɗanda suka nuna za su far wa jiki. Tacewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, kowa yana yawo da wasu da suka kuɓuta. A wasu mutane, musamman masu wani nau'in gado da ake kira HLA-DRB1, wasu furotin na jiki kan ɗan canza kama, garkuwa ta daina gane su. Hayaƙin taba yana ƙara wannan canji a huhu, ana kuma zargin ciwon dasashi mai daɗewa. Gwajin anti-CCP da wataƙila aka yi mata, neman shaidar wannan rashin ganewa yake yi, kuma yakan bayyana a jini shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo. Mata sun fi maza kamuwa ninki biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke da ciwon a 2019.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga tambayarka shi ne masu kashe ihun. Kasuwar da ba ta da dattawan da za su ce ya isa haka, ba za ta ci sau biyu ba. Jiki kuwa ya tanadi irin waɗannan a kowane mataki, kuma ni a ganina nan ne ilimin ya fi ban mamaki.

Tun daga takardar umarnin da ake kwafowa daga gado don ƙera TNF, a wutsiyarta akwai wata alama da ke sa a yayyaga ta cikin ɗan lokaci. Wato saƙon da wa'adinsa yake fitowa. A 1991 George Kollias da abokan aikinsa a Girka suka sa wa ɓeraye umarnin TNF na mutum wanda aka sauya wa wannan wutsiya. Ba su sa musu wata ƙwayar cuta ba, amma ɓerayen suka kamu da amosanin gaɓoɓi, kuma da aka toshe TNF ciwon bai fito ba. Rashin yayyaga takarda a kan lokaci kaɗai ya isa ya gurgunta dabba. Bayan wannan, ƙwayoyin halitta kan yanke makarɓan TNF daga bayansu su sake su cikin ruwan jiki, su riƙa cafke shi kafin ya isa ko'ina. IL-1 yana da wani ɗan'uwa mai kama da shi, IL-1Ra, wanda ke zama a kan makarɓin ya ƙi cewa komai, ya kuma hana na gaskiyar wurin zama. Akwai saitokin da aikinsu lallashi ne, irin su IL-10 da TGF-beta. A cikin ƙwayar halitta kuma, hanyar JAK da STAT da kanta take ƙera furotin SOCS da ke dawowa su rufe ta, NF-kB shi ma yana ƙera A20 da ke kashe shi. Sannan ga kotizol daga tsokar da ke saman ƙoda, wanda kumburin ne ma ke sa ƙwaƙwalwa ta ba da umarnin a ƙara shi.

Sama da duka akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da ba su da aiki sai hana 'yan'uwansu wuce iyaka. Shimon Sakaguchi na Japan ne ya tabbatar da su a 1995, a lokacin da yawancin masana suka yi watsi da batun. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell a Amurka suka gano ƙwayar gado FOXP3 a wasu ɓeraye da garkuwarsu ke cinye su cikin makonni da haihuwa, aka kuma ga cewa jarirai maza da aka haifa da lalacewarta suna kamuwa da gudawa mai tsanani da ciwon suga da cutar fata tun suna goye. Daga baya aka gane FOXP3 ce ke mai da ƙwayar T ta zama mai tsawatarwa. Su ukun aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2025.

A gaɓar mai rumatoyid waɗannan dattawa suna nan, ba su gudu ba. In aka auna ruwan gaɓar za a tarar da IL-10 da IL-1Ra da yankakkun makarɓan TNF, har sun fi na mai lafiya yawa. An dai fi ƙarfinsu ne. TNF yana haifar da IL-1 da IL-6, su kuma suna kiran ƙwayoyin da ke ƙara TNF, kuma abin da ake bi da duka na gida ne, ba zai taɓa ƙarewa ba kamar yadda ƙwayar cuta ke ƙarewa. Har su ƙwayoyin T masu tsawatarwa, yawan TNF da IL-6 yana rage musu kaifi.

To ka ga amsar tambayarka ta biyu. Garkuwarta ba ta da rauni. Da a ce magungunan ƙara garkuwa da ake talla a rediyo da motocin lasifika suna yin abin da suke faɗa, da ƙara wa masu sanduna ƙarfi za su yi. Sa'ar da aka ci ita ce yawancinsu ba sa yin komai sai cin kuɗi. Wanda nake tsoro shi ne haɗin da ba a san me ke ciki ba, domin metotireksat da ma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, in aka haɗa mata da jiƙe-jiƙe sai gwajin hanta ya rikice, a rasa wanne ne mai laifi, a ƙarshe a tsayar da maganin da ke mata amfani.

Yadda aka kai ga allurar kuwa, a Cibiyar Kennedy ne, wadda a lokacin take Landan. Marc Feldmann da Ravinder Maini sun tarar da saitokin barkatai a tantanin gaɓar marasa lafiya, har masana da yawa suka ce toshe ɗaya aikin banza ne, sauran za su ci gaba. A 1989 Fionula Brennan, a ɗakin gwajinsu, ta zuba abin da ke toshe TNF a kan ƙwayoyin da aka ciro daga gaɓa, sai IL-1 ma ya faɗi. Ashe akwai babba a cikinsu, in ya yi shiru na bayansa ma su yi. A 1992 suka gwada maganin da daga baya aka sa wa suna infiliksimab a kan mutum 20 a asibitin Charing Cross, waɗanda duk magunguna suka gaza a kansu, kuma sauƙin da aka gani ya ba kowa mamaki. Etanasef ya fito a 1998, wanda shi kwaikwayon yankakken makarɓin nan ne da jiki ke saki. Adalimumab ya biyo baya a 2002. Ɗaya daga cikin waɗannan ko makamancinsu ake shirin ba ta, kuma galibi ana ci gaba da metotireksat tare da shi, don sun fi aiki a haɗe.

Sai dai ihun da aka kashe, akwai inda ake bukatarsa dare da rana, kuma nan ne tarin fuka ya shigo. Ƙwayar tarin fuka in ta shiga huhu, a mafi yawan mutane jiki ba ya iya kashe ta gaba ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya gina mata kurkuku: makurofaj su haɗiye ta, wasu ƙwayoyin su kewaye su, a yi ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero. Tana iya zama a ciki shekara ashirin, talatin, mutum ba tari ba zazzaɓi, ba ya kuma sa wa kowa. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa ɗaukar ƙwayar. Wannan kurkuku kuwa ba ginin da aka gama aka tafi ba ne, kullum ana yaɓe shi, kuma TNF ne ke riƙe da magina a wurin. Ka toshe shi, katanga ta zube.

Ba hasashe ba ne. A 2001 aka wallafa rahoton mutum 70 da tarin fuka ya tasar wa bayan an fara musu infiliksimab, yawancinsu cikin 'yan watannin farko. Fiye da rabinsu cutar a wajen huhu ta fito, a kaluluwa, a ciki, wasu ta bazu ko'ina a jiki. Ka lura da wannan da kyau, domin yana nufin rashin tari ba hujja ba ce, ko kafin allura ko bayanta. Kuma yawancin waɗancan mutane a ƙasashen da tarin fuka ya yi ƙaranci suke. Nijeriya tana cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin mafiya fama da shi. Mace da ta tashi a gidan yawa, ta yi jinyar kaka ko suruka mai tari, ba sai an yi dogon lissafi ba.

Za a ɗauki hoton ƙirjinta, a yi gwajin fata ko na jini. Kowanne da raunin sa: rigakafin BCG da aka yi mata tana jaririya kan iya sa gwajin fata ya nuna akwai alhali babu, firednisolon kuma, wani magani dangin kotizon, kan iya sa gwaji ya nuna babu alhali akwai. Don haka ku gaya wa likita gaskiyar duk abin da take sha da duk mai tarin da ta taɓa zama da shi. In an samu ƙwayar a kwance, ba a fasa allurar. Ana fara maganin kashe ta na wasu watanni, yawanci bayan kamar wata guda a shiga allurar. In kuma cutar a tashe take, sai an yi maganinta tukuna. Ciwon hanta nau'in B ma haka yake: ƙwayarsa kan zauna shiru garkuwa na danne ta, a sassauta dannewar ta taso da ƙarfi. Yana da yawa a yankinmu, kuma da yawan masu shi ba su sani ba. In an gano, akwai ƙwayar maganin da ake sha kullum don tsare hanta.

Wani abin da zan so ka sani don kada wani ya ce ai allurar nan maganin duk cutar garkuwa ce: kowace cuta da saƙon da ya fi ƙarfi a cikinta. An gwada toshe TNF a cutar da garkuwa ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai ta ƙara tsanani. Toshe wani saitokin mai suna IL-17 yana share cutar fata ta soriyasis kamar da tsintsiya, amma ya ƙara wa masu kumburin hanji na Crohn wahala. A lufus, wata cutar garkuwa wadda tara cikin goma na masu ita mata ne, saitokin da ake kira intaferon ne ke jan ragama. Ko a rumatoyid ɗin, kusan ɗaya cikin uku ba sa samun sauƙin kirki da toshe TNF. In ta faɗa cikinsu akwai tosilizumab, mai toshe makarɓin IL-6, wanda ya samo asali daga aikin Tadamitsu Kishimoto a Osaka. Shi nasa haɗarin, yana danne zazzaɓi da CRP, mutum na iya ɗauke da babbar cuta jiki ba zafi. Akwai kuma ƙwayoyin sha masu toshe JAK, irin tofasitinib da ya fito a 2012. Sun fi sauƙin ajiya, amma suna ƙara fitowar ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke bin gefe ɗaya na jiki, waɗanda tsohuwar ƙwayar ƙarambau ke tayarwa, kuma wani babban gwaji a kan 'yan shekara 50 zuwa sama masu haɗarin ciwon zuciya ya sa an ƙara taka-tsantsan da su.

Bari in ɗan ratse. An daɗe ana koyar da cewa irin waɗannan cututtuka ba na baƙar fata ba ne. Brian Greenwood, Baturen likitan da ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ya shafe shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya rubuta a 1968 cewa ba kasafai ake ganinsu a Nijeriya ba, ya kuma yi tunanin ko yawan zazzaɓin cizon sauro da sauran ƙwayoyin cuta ne ke horar da garkuwa ta saba da haƙuri. Tunani ne mai kyau, har yau ana bincike a kansa. Amma mu da ke zaune a ɗakin duba marasa lafiya mun san ciwon yana nan. Da yawa sai sun gama zagaye masu maganin sanyi da masu ɗori suke isowa, yatsu sun riga sun karkace. Maiɗakinka da aka gano nata da wuri, Allah Ya taimake ta.

Akwai tarkon da ya fi maganin ƙara garkuwa kama mutane, shi ne firednisolon da deksametason na kemis. Jikokin kotizon ɗin Hench ne, suna kashe ihun gaba ɗaya ba zaɓe, shi ya sa mai sha kan tashi da safe kamar ba ita ba. Hench da kansa bai daɗe ba ya ga kuɗin da ake biya. Su ne dai ke cikin irin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Fuska ta cika, suga da hawan jini su shigo, ƙashi ya yi laushi, tarin fukan nan ma su iya tashe shi. Kuma in an daɗe ana sha, tsokar saman ƙoda takan daina yin nata kotizol, ranar da aka yanke farat ɗaya mutum na iya faɗuwa. Muna ba da su kaɗan, na ɗan lokaci, kafin babban magani ya kama. In tana sha, likita ne zai sauke mata shi a hankali.

Idan aka fara allurar, a firiji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ta daskare. Da yanayin wutarmu, ku yanke shawarar inda za a ajiye ta tun kafin ku saya, domin furotin ce, zafi yana lalata ta ba tare da kamarta ta canza ba, ga ta da tsada. Duk ranar da zazzaɓi ya zo, ko gumin dare, ko rama, ko kaluluwa, a ɗage allurar a je asibiti, kada a ce maleriya ce a wuce kemis. Metotireksat sau ɗaya ake sha a mako, ku tsayar da rana guda, don shan sa kullum yana kisa. Yana kuma illa ga ciki, saboda haka in kuna da niyyar ƙara haihuwa ku faɗa wa likita tun da wuri a canza shi. Rigakafi masu rayayyar ƙwaya, kamar na shawara da ake nema wajen tafiya wasu ƙasashe, ba a yi wa wanda ke kan allurar, gara a yi tun kafin a fara. In kuma ta haihu tana kanta, ku sanar da masu rigakafi, domin maganin kan ratsa mahaifa ya zauna a jinin jariri, sai a jinkirta masa BCG na wasu watanni maimakon a yi masa a makon haihuwa.

Ranar da za ku koma asibiti ku tafi da duk abin da take sha a leda guda, na asibiti da na kemis da na gida, har wanda manya suka kawo. Ka gaishe ta da jiki.